Igiyar Jirgin Ozias

Shekara arba'in da ɗaya Ozias Tillman ya yi yana fito a mashigin garinmu Tolliver, kuma duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa bar wa kogi ba. Wannan kaɗai ya isa a tuna da mutum, don kogin namu ba abokin wasa ba ne. Idan ya cika yakan manta da gaɓarsa, ya kwashi itatuwa da rufin gidaje ya kai wa babban kogin Misisipi. Amma ba don wannan tsofaffinmu ke sassauta murya ba idan sun ambaci sunansa. Saboda wata igiya ce.

Baƙar fata ne, jikan bayi, gajere mai faɗin kafaɗa, da fuskar da ba ka iya karanta komai a kanta. A shekarar 1889 aka haife shi a wani ɗaki bayan gidan su Hatcher, fararen da ke da jirgin fiton, inda uwarsa ke girki da wanki. Bayan wata uku matar gidan ta haifi Wendell, nono bai zo mata ba, sai uwar Ozias ta shayar da su biyun. Tare suka yi rarrafe, tare suka koyi iyo, tare suka riƙa satar kankanar maƙwabta. Idan aka kama su Ozias ake duka, Wendell kuma shi ke yin kukan.

Da suka kai shekara goma sha biyu, uban Wendell ya kira su bakin ƙofa, ya nuna Ozias da bututun tabarsa.

"Kai, daga yau ka daina kiran sunansa gatsau. Mista Wendell za ka ce. Kuma ta ƙofar baya za ka riƙa shigowa gidan nan."

Ozias ya ce to. Suka gangara bakin ruwa suka shiga kwale-kwale, suka tuƙa har tsakiyar kogi. Kunnuwan Wendell sun yi jajur.

"Ka ce min Mista a nan ka gani in ban kifar da mu ba," in ji shi.

"To ai kai ne iyonka bai nuna ba, Mista."

Suka kama kokawa har kwale-kwalen ya kife da gaske. Suna rataye a jikinsa suna tofar da ruwa suka ƙulla sharaɗi: a tudu Mista, a kan ruwa Wendell. Shekara hamsin suka riƙe shi a tsakaninsu, ba a kunnen kowa ba.

Da tsohon ya mutu Wendell ya gaji jirgin, faffaɗan jirgin katako mai bin wayar ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa. Takardar izinin fito da sunan Wendell take, don ba a ba baƙar fata, amma kowa ya san wanda ya san ruwa. Wendell na kan inji, Ozias na tuƙi. Da tsakar rana idan babu mai ƙetarewa sai su tsaya a tsakiyar kogi, su soya tarwaɗa da garin masara a wani baƙin kasko, su ci da hannu suna zagin juna. Da yamma kuwa, in suka haɗu a gaban kanti, Ozias ya cire hula ya kauce daga hanya, Wendell ya wuce yana kallon ƙasa. Ba zan yi wa Wendell ado ba: mutumin kirki ne mai tsoro. Bai taɓa buɗe baki ya tsaya wa abokinsa a tudu ba ko sau ɗaya, kuma shi ma ya san da haka.

Ana nan sai manyan gari suka ga abin kunya ne farare da baƙaƙe su riƙa cakuɗuwa a jirgi. Alƙali Pruitt da kansa ya kawo sabuwar igiya, ya ce a ɗaura ta a tsakiya, farare gaba, baƙaƙe baya. Ozias ya karɓa da hannu biyu. Da wani ne da ya yi gunaguni, shi kuwa sai ya bi dokar sau da ƙafa, bin da ya fi ƙin bi ciwo.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, kaina ba na karatu ba ne," ya ce wa alƙalin washegari a gaban jama'a. "Alfadarin nan baƙi ne, mai shi fari. Ina zan sa shi?"

"Gaba mana, wajen mai shi."

"To. Waccan alfadarar kuma fara ce tas, amma ta Jubal ce, shi kuwa irina ne. Kada in ci mata mutunci in sa ta cikinmu."

Alƙali ya ƙura masa ido yana neman alamar raini, bai samu ko ƙwaya ba. Wendell ya cusa kai cikin inji wai yana gyara wani abu, kafaɗunsa na rawa.

Ranar kasuwa abin ya kai maƙura. Farare suka taru a gaba da kekunan audugarsu, bayan jirgi ba kowa sai Jubal manomi da mata uku. Suna kaiwa tsakiya hancin jirgin ya sunkuya, ruwa ya hau har ya cika takalmin matar alƙali.

"Kai yaro, yi wani abu mana," in ji alƙali, muryarsa ta sirance.

"Ranka ya daɗe, doka tana nan daram. Kogin ne bai iya karatu ba."

Sannan ya fara nuni da yatsa, kai koma nan, ke matsa can. Ran nan alƙali ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin igiyar da ya kawo, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Jubal har aka ƙetare. Tun daga ranar kowa a Tolliver ya koyi abu ɗaya da ba a rubuta a ko'ina ba: a tsakiyar kogi, inda Ozias ya ce ka tsaya nan za ka tsaya. Igiyar kuwa ba ta motsa ba. Kowace safiya shi ke ɗaure ta da ƙullinsa, ya kakkaɓe ta, har ya gaishe ta in akwai masu ji.

Da furfura ta fito masa fararen suka daina ce masa yaro, suka koma Kawu Ozias. Ya ce wa matarsa Idella, "Kin ga ikon Allah. Shekara hamsin ina yaro, na wayi gari kawu. Ban san ranar da na wuce zama mutum ban tsaya ba."

Tolliver a kwari take, ruwa na cin ta, saboda haka maƙabartunmu biyu suna ƙetare a kan tudu, ta farare da ta baƙaƙe, da waya a tsakaninsu. Duk wanda ya mutu a garin nan sai ya hau jirgin Ozias. Al'ada kuwa maza shida ke ɗaukar akwatin gawa, kuma baƙi ba ya taɓa akwatin farar fata.

A shekarar 1951 ciwon ƙirji ya kama Wendell, Jubal ya karɓi injin. Da Wendell ya ji jikin ya ƙi, sai ya sa aka kawo shi jirgi a kan kujera, ya ce a kai shi tsakiya. Ya rame har zoben aurensa na yawo a yatsa.

"Ozias, hannunka nake so a akwatina."

"Ka san ba za su yarda ba."

"Na sani. Ni na kasa, duk rayuwata na kasa. Kai ka san yadda za ka yi."

"Tun satar kankana aiki mai wuya ni kake bar wa," in ji Ozias. Ya juya yana kallon ruwa, can ya ce, "Na ɗauka."

Alkawarin ba ƙarami ba ne. An ƙona gidajen mutane a yankinmu a kan abin da bai kai haka ba, wasu ma ba gida kaɗai suka rasa ba. Da Wendell ya cika, Ozias ya je gidan makoki ta ƙofar baya, ya roƙi faston cocin farare hula a hannu. Faston ya ce masa cikin taushin murya ai shi ma ya san yadda abubuwa suke. Lorena, matar mamacin, tana tsaye a bakin madafa ta ji komai. A gida Idella ta ce, "Tsoho, gida ɗaya gare mu, kai kaɗai gare ni." Ta faɗi haka ne tana goge masa baƙar rigarsa ta zuwa coci.

Watan Afrilu ne, kogi ya cika maƙil. Aka yi addu'a a coci, Ozias na tsaye a waje ƙarƙashin taga. Maza shida suka sauko da akwatin, har da Alƙali Pruitt da ya tsufa yana jan ƙafa, suka ajiye shi a gaban jirgi. Farare wajen talatin suka kewaye shi. Bayan igiya ba kowa sai Ozias da Idella da Jubal.

Daidai inda suke cin tarwaɗarsu Ozias ya ɗaga hannu, Jubal ya kashe inji. Sai ƙarar ruwa kawai da kukan wayar ƙarfe, da kututturan itace da ke wucewa suna gogar jirgin.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Ozias. "Gaba ya yi nauyi. Akwatin zai dawo tsakiya a ɗaure shi."

Mazan shida suka yunƙura.

"Na ce kada wanda ya ɗaga ƙafa. Ku shidan nan ku kuka riƙe mana wancan gefen."

Suka ƙame. Har gobe waɗanda suka ga abin suna gardama ko jirgin ya karkata da gaske, amma babu wanda ya so ya gwada. Ozias ya taka zuwa igiyar, ya kwance ƙullin da ya yi da safe, ya naɗe ta a hannu, ya shiga cikin farare. Suka riƙa janye jiki ba tare da sun matsar da ƙafa ba.

"Kawu Ozias," in ji alƙali a hankali, "ka san abin da kake yi?"

"Ranka ya daɗe, abin da kogi ya ce nake yi."

Ya sunkuya ya kama hannun akwatin ta wajen kai. Ya ja, akwatin ya ƙi, don itacen mai nauyi ne kuma shi ya haura sittin. Ya sake ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi. A nan ya ga zai kunyata a gaban Wendell. Sai ga Lorena ta fito daga cikin mata, 'yar ƙaramar mace cikin baƙaƙen kaya.

"Nauyina bai kai ya kifar da jirgi ba," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba.

Ta dafa ƙafar akwatin da hannu biyu ta tura. Shi na ja ita na turawa a kan jiƙaƙƙen katako, har suka kai shi tsakiya, kan baƙin tabon da kaskonsu ya bari. Ozias ya durƙusa ya ɗaure shi da igiyar, a natse, ƙulli bayan ƙulli. Da ya gama ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin.

"Wendell," ya ce, da muryar da kowa ya ji. "Ga ni."

Na ji labarin nan daga bakin mutum ya fi goma, farare da baƙaƙe, kuma duk a wurin nan suke tsayawa. Mutanen da suka shekara arba'in suna hawa jirgin nan ba su taɓa jin sunan a bakinsa babu Mista ba, sai yanzu suka gane cewa haka yake faɗinsa tun kafin a haifi yawancinsu. Tsikar jikinsu ta tashi. Alƙali ya daɗe yana kallon hannun nan a kan akwatin, sannan ya sunkuyar da kai.

A ƙetare Ozias ya kwance igiyar daga jikin jirgi, ya bar ta naɗe da akwatin. Mazan shida suka ɗauka suka hau tudu. Shi bai bi su ba, don tudu tudu ne. A bakin kabari wani ya sa hannu zai warware ta, Lorena ta ce, "Ku saukar da shi da ita, ku bar masa." Aka zura shi da ita, aka jefa sauran igiyar a ciki, aka mai da ƙasa.

Da suka gangaro suka tarar da jirgi fayau, babu gaba babu baya. Suka tsaya cirko-cirko. Ozias na bakin gaɓa yana riƙe da katakon hawa, alƙali ya tsaya a gabansa.

"Ina igiyar jirgin?"

Da yake ƙafafunsa a tudu suke, Ozias ya cire hula.

"Mista Wendell ya tafi da ita, ranka ya daɗe. Jirginsa ne, igiyarsa ce. Ni ban isa in karɓi abu daga hannun farar fata ba."

Alƙali ya sake neman raini a fuskar nan kamar yadda ya nema shekarun baya, bai samu ba. Ya hau jirgi ya tsaya inda ya samu wuri. Manyan gari sun yi ta maganar sayen wata igiyar, amma babu wanda ya yarda ya zama shi zai miƙa ta hannun Ozias, har maganar ta bi ruwa. Gidan Ozias kuwa babu wanda ya taɓa shi.

Ranar, bayan kowa ya sauka ya watse, Ozias ya rage a jirgi shi da Idella. Ya je ya zauna a kan baƙin tabon, ya kifa kai a gwiwa. A da idan ya sha wuya Wendell ke yi masa kukan. Yau babu mai yi masa, sai ya yi abinsa da kansa.