Kapembwa, Mutumin da Ya Ƙi Buga Ƙarfe

Tun kafin motar ramin haƙar tagulla ta kwashi ma'aikatan safe, Evaristo Kapembwa ya riga ya buɗe zauren dambenmu na Chamboli. Ya share dandamali, ya ja igiyoyi ya ji ko sun saki, ya goge guntun ƙarfen layin dogo da ke rataye a gefen teburinsa. Shekarunsa saba'in da ɗaya, amma har yau ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko nshima, tuwon masararmu, yake ci, ƙafarsa tana buga ƙasa, idonsa yana kan agogo. Aikinsa ke nan shekara arba'in da uku: ya danna agogo, minti uku su cika, ya doki ƙarfen da sifana, turmi ya ƙare. Ba a taɓa ɗaga hannunsa sama ba, ba kuma a taɓa ɗaukar hotonsa ba sai bisa kuskure.

Ranar Asabar kuwa, idan an tashi atisaye, tsofaffin unguwa sukan taru a rumfar Lengwe mai walda, ana shan munkoyo, kunun masara mai tsami, ana tone-tonen damben manya na da. Musun bai taɓa ƙarewa ba, kuma ba wanda ya taɓa sauya ra'ayi.

"Damben Kinshasa dai igiya ce ta ci shi," in ji Lengwe. "An sassauta ta, Ali ya kwanta abinsa kamar mai shan iska. Da an ɗaure ta tamau, da Foreman ya yi kaca-kaca da shi."

"Kai ma dai, Lengwe," Kapembwa zai ce, yana kai da kawowa da kofi a hannu. "Igiya ce ta hana shi numfashi? Ƙato ya zubar da ƙarfinsa tun da wuri, ya manta akwai turmi na takwas. Zakara ba naushi ke fara ka da shi ba. Lokaci ne. Idan ƙafa ta mutu, minti uku sun fi aikin kwana a rami tsawo."

"To, sarkin lokaci ya yi magana," sai Lengwe ya ce. "Wanda ya san lokaci haka, ai da ya ceci ɗan gida."

A nan hira take mutuwa. Kapembwa ya ajiye kofi ya tafi.

Abin da Lengwe yake nufi ya faru shekara ashirin da shida da suka wuce. A lokacin muna da Sande Chibesa, wanda muke kira Katafila, ɗan damben babban nauyi guda ɗaya tilo da unguwar nan ta taɓa fitarwa, kuma ƙanin Febby ne, matar Kapembwa. Wata la'asar ya kara da wani baƙo daga Lusaka, wanda ya yi nasara shi zai nemi kambun ƙasa. A zaure irin namu akwai abin da kowa ya sani amma ba a faɗa: idan ɗan gida ya shiga uku, mai agogo yakan buga ƙarfe kafin lokaci, a zaunar da shi, a watsa masa ruwa ya dawo hayyacinsa. Agogon gida muke ce masa, kuma ba ma ɗaukarsa a matsayin maguɗi.

A turmi na shida baƙon ya matse Katafila a kusurwa. Zaure ya ɗauka baki ɗaya, a buga, a buga. Febby da kanta ta miƙe tana kiran sunan mijinta. Waɗanda ke kusa da teburin sun ce gumi yana ɗiga a kan gilashin agogon, amma bai ɗaga ido ba. Saura daƙiƙa goma sha tara Katafila ya zube. Alƙali ya ƙirga goma.

Daga ranar Chibesa bai sake hawa dandamali ba, bai kuma sake yi wa mijin yayarsa magana ba. Biki ko makoki, idan wannan ya shigo wancan ya fita. An jefi kwanon gidan Kapembwa da duwatsu. Febby ta yi wata biyu a gidan iyayenta. Shi kuwa washegari ya buɗe zaure kamar kullum. Bayan shekara uku wasu suka ga abin da ya rufe musu baki: ɗan gida ya rikita baƙo, ana so a ja turmin ya ƙarasa shi, Kapembwa ya doki ƙarfe daidai kan minti uku. Masu horar da 'yan dambe daga Ndola da Mufulira suka riƙa cewa ba za su kawo mutanensu ba sai shi ne a tebur. Mu na gida kuwa muka ci gaba da yi masa gori.

Asabar ɗin da ta wuce ya yi murabus. An yi ɗan taro a rumfar Lengwe, Febby ta kawo kaza da ifisashi, miyar ganye da gyaɗa. Kapembwa ya kasa ci. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa titi, ya ce wai iska yake sha. Kowa ya san wanda yake dubawa.

Ana shirin watsewa Chibesa ya iso, yana jan ƙafa, kansa ya yi fari fat. Ya tsaya a gaban tsohon.

"Mulamu," ya ce, wato suruki a yarenmu. Rabonsa da kiran surukinsa da wannan suna tun kafin a haifi rabin waɗanda ke wurin. "Nawa ya rage ranar nan?"

"Goma sha tara."

"Ko minti goma ka ba ni, ba abin da zai sauya. Tun turmi na huɗu ba na jin ƙafafuna. Sati uku ban yi gudun safe ba, ina mashaya. Na san haka tun ina kwance a ƙasa." Ya juyo ya dube mu. "Da na ji suna cewa laifinka ne, sai na yi shiru. Ya fi mini sauƙi."

 Kapembwa ya jawo benci da ƙafa.

"Zauna ka ci, mulamu. Yayarka ta yi girki da yawa."

Ya zauna kusa da shi, suka sa hannu a kwano ɗaya.

Bashikulu Kapembwa, kakanmu, mai hannu ɗaya ga ɗan gida da baƙo, kai ne ka ga ƙafafun nan sun mutu tun turmi na huɗu, don daga teburinka ba abin da ke ɓoyuwa. Kai ne ka ga mutumin da ya daina gudun safe. Kalma ɗaya a rumfar Lengwe ta isa ta wanke ka, amma ka riƙe ta shekara ashirin da shida don kada ka tozarta ƙanin matarka. Mu da muke cika baki mun san abin da ke ka da zakarun duniya, namu na gida ya gagare mu.

Mun gode maka. Duk wanda aka damƙa wa agogo, ko sikeli, ko hatimin ofis, ya zo Chamboli ya ga yadda ake riƙe amana ana tsakiyar ihun 'yan uwa. Ni kuma ina da tawa maganar, wadda na kasa faɗa a gaban jama'a ranar Asabar. Cikin duwatsun da suka sauka a kan kwanon gidanka, biyu nawa ne. Gobe da safe zan zo zaure, don na san murabus ba zai hana ka buɗe shi ba, in faɗa maka da bakina.