Zanar da Kawu ya kewaye pano da ita

Shekarar da na gama jami'a na dawo Dakoro, aka ɗauke ni koyarwa a wata cibiyar koyon sana'a. Gyaran mote na gazwal, wato injin dizal, aka ba ni, irin wanda ke jawo ruwa daga rijiya. Ina shirya darasi da kyau, wataƙila ma fiye da kima, don kullum tsorona kada a yi mini tambayar da ba ni da amsarta. Na dai lura, ko da yake ban faɗa wa kowa ba, cewa irin wannan mote yana raguwa a karkara. Duk inda aka haƙa sabon foraj, wato rijiyar burtsatse, pano ake kafawa, farantin da ke kama hasken rana ya jawo ruwan.

Da bazara kawuna ya kira ni daga wajen Rumbu. Makiyayi ne, shi ke kula da foraj ɗin ƙauyensu. Ya ce ruwa ya daina cika shato, wato babban tankin ruwan, shanu na tsaye bakin kwami har la'asar ba su sha ba.

Na ce, "Kawu, ni mote na karanta, ba pano ba. Da dai a nemo wani..."

"Duk ba kuran ba ne, wutar lantarki? Shekara nawa ka yi a lakkol kana karatu? Ka zo."

Na isa da rana tsaka, na gwada wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Ban ga matsala ba, ruwa ma yana zuba. Kawu ya ce in kwana in gani.

Da hantsi muka koma, ruwan na ɗiga kamar ana rowarsa. Sai a lokacin na ɗaga kai daga wayoyin. An kewaye panon da doguwar zana, ta fi ni tsawo, daf da shi, an kuma ɗora 'yar rumfar kara a gefen yamma. Inuwa ta rufe kusan rabinsa.

"Wannan fa, Kawu?"

"Akuya ta hau shi watan jiya, shi ne muka kewaye. Rumfar kuwa, ka taɓa shi da la'asar ka ji? Ko jaki ba a bari cikin wannan rana."

Na fara, "Ina jin, ban dai tabbata ba, mai yiwuwa..."

Kawu ya katse ni, "Mushe malamin lakkol, ko ka faɗa ko ka ba mu wuri. Shanu ba su san mai yiwuwa ba."

Mazan da suka taru wurin suka yi dariya. Na san in an cire zanar akuya ta fasa panon, ni za a riƙa ambata. Duk da haka na ce a cire, har rumfar, a ja da baya taki goma a yi gajeren shingen ƙaya. Kawu ya dube ni ya daɗe, sannan ya kama zanar da hannunsa. Kafin azahar shato ya cika, shanu suka sha.

A hanyar komawa abin da ya dame ni shi ne, da ɗaya daga ɗalibaina aka kira, da shi ma wayoyi zai tsaya dubawa, don abin da na koya musu ke nan. Na sami dirakte, shugaban cibiyarmu, na roƙa a bar ni in ƙara darasin pano. Ya ce ba ya cikin tsarin da aka aiko. Na ce to a ba ni Asabar, ya yarda.

Ni ma sai da na koya. Akwai wani mai kafa pano a kasuwa da bai yi lakkol mai nisa ba, na yi wata uku ina bin sa wajen aiki, yana kira na "mai takarda". Asabar ta farko ban taɓa allo ba. Na fitar da ɗalibai fili da ƙaramin pano da fanka mai aiki da shi, na miƙa wa ɗayansu zana na ce ya matso da ita kusa da panon a hankali, sauran su zuba wa fankar ido.