Ranar da Giyar Motar Habu Ta Ƙi Zama

Duk shekarun da na yi ina kwanciya a ƙarƙashin mota, ban taɓa mantawa da ranar da giyar motar Habu ta ƙi zama ba. Har yau in abin ya faɗo mini, sai na ajiye sifana na yi dariya ta ishe ni.

Lokacin ina garejin Baba Modu a nan Haɗeja. An riga an yaye ni, wato na gama koyo, amma na zauna a matsayin na biyunsa. Baba Modu gwani ne na gaske, sai dai ba ya ƙaunar a ce masa "ko dai".

Ƙarshen damina ne, a wata shekara da kogi ya cika ya batse. Habu manomi ne mai tsohuwar a-kori-kura. Ya yanke shinkafarsa a fadama can wajen Baturiya, an zuba a buhuna an jibge a gona, sai kulocin motar ya ƙone. Baba Modu da kansa ya sauke giyar ran Talata, ni ina garin Malam Madori wani aiki. Sabon farantin kuloci bai iso daga Kano ba sai Alhamis da hantsi. Da safiyar nan kuwa ƙanin Habu ya bugo daga gona, ya ce ruwa ya fara lasar hanya, in mota ba ta shigo kafin la'asar ba, noman bana ya zama na kifi.

Ga wanda bai san aikin ba, akwatin giya yana da sanda a gabansa. Sandar za ta ratsa tsakiyar farantin kuloci, bakinta ya shige wani ɗan boris da ke cikin rami a bayan inji. In komai ya daidaita za ka ji ƙwas, giya ta manne da inji, sai ɗaurin noti.

To, ƙwas ɗin nan ne ya ƙi zuwa. Muka ɗaga, muka tura, ta tafi sumul, saura kaurin yatsa ta cije. Muka sauke muka duba ko an juya farantin baibai, lafiya lau. Baba Modu ya sake saita shi da guntun iccen da ya fiƙe don wannan aiki. Muka sa ta a giya muka murza bayanta don haƙora su hau juna, suka hau. Muka girgiza, muka lallaɓa, ni har magiya na yi mata. Tana nan a inda take.

Habu yana ta zagaye motar, waya a kunne. Ya ce, "Baba, don Allah ku sa noti su jawo ta mana. Ɗan wannan wurin?"

Baba Modu ya ce, "In na jawo ta da noti ta tsage, a kanka za ka ɗauko buhunan?"

Na ce, "Maigida, ko dai boris ɗin ne?"

Ya harare ni. "Boris ɗin da na sa da hannuna?"

Bayan azahar muka sake sauke ta. Habu ya kasa haƙuri, ya tuɓe riga ya kutso ƙarƙashin motar wai zai haska mana da fitilar waya. Can sai ya fara mutsu-mutsu yana marin wuyansa, hasken yana ta rawa. Baba Modu ya ce ya riƙe fitila kamar mutum. Habu ya ce, "Yaya zan yi, kiyashi ne ke cina. Ga su nan a layi, cikin injin ma suke shiga."

Na bi layin da ido. Daga taya suka hau, suka bi ƙarfe, suka ratsa farantin, suka shige ramin boris. Kiyashi dai ba ya cin giris. Na zura guntuwar wayar ƙarfe na ƙwaƙulo wani abu fari mai tauri, na shinshina. Na ce, "Maigida, wannan kamar tuwon shinkafa."

Sai Baba Modu ya dafe kai ya ce, "Tuwon Hajiya ne."

Ashe ga yadda aka yi. In tsohon boris ya ƙi fita, akan cusa giris a ramin a buga ƙarfe a kai, matsin ya turo shi waje. Ran Talata giris ya ƙare, ga kwanon tuwon da matarsa ta aiko, sai ya yi da shi, boris kuwa ya fito salin-alin. Ana cikin haka aka kira salla. Da ya dawo ya buga sabo a kai, tuwo yana ciki, ya kwana biyu ya zama dutse.

Wallahi na so in danne dariya, don maigidana ne. Shi ya fara. Dattijon nan yana kwance a ƙasa yana dariya har da hawaye, yana cewa kullum yana gaya wa Hajiya tuwonta ya yi tauri ba ta yarda, yau ga shaida. Habu yana dariya yana roƙonmu mu yi sauri. Muka karɓo ruwan zafi wajen mai shayi, muka jiƙa, muka ƙwaƙule tas. Muka ɗaga, muka tura. Ƙwas.

Habu ya fizgi mota ko rigarsa bai ɗauka ba. Daga nan dariya ta ɗauke, kowa yana duban rana. Dab da magariba sai ga shi, mota ta lotsa da buhuna, laka har ƙofa, wandonsa sharkaf. Ya ce suna ɗora na ƙarshe ruwa yana shiga gonar. Ya riƙe hannun Baba Modu. Ni kaina na ji ƙwalla.

Ku da ke koyo yanzu, in ƙarfe ya ƙi shiga, akwai dalili, ku nemo shi, kada ku sa ƙarfi. Baba Modu ya yi mantuwa kamar kowa, kuma ya yi wa kansa dariya a gabanmu. Amma a lokacin da mai mota ke roƙo, rana na tafiya, ya ƙi ɗaure notin nan. Da ya ɗaure, da iyalin Habu sun sayi shinkafa a kasuwa shekarar nan.