Tauraron da Na Ce Na Gani

Kakana na wajen uwa Bagunge ne, mutumin tsibiri. Garinsu yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun kafin a haife ni. Da aka datse kogi ruwa ya hau, aka kwashe su aka zuba a gidajen siminti kusa da Wara. Aka bar masallaci da rumbuna, aka bar kabarin matarsa, wato mahaifiyar Innata. Inna ba ta tuna komai na garin sai kukan awaki cikin jirgi ranar tashi.

Shi kam bai yarda ya rasa wurin ba. Duk shekara gab da faɗuwar damina, ana sallame la'asar yakan tura kwalekwalensa shi kaɗai, ya je daidai kan tsohon gidansu ya yi mata addu'a. In ka tambaye shi yadda yake gane wuri a ruwan da ko'ina iri ɗaya ne, sai ya ce abu biyu ne. A bayanka ka daidaita kukar bakin gaɓa da rufin sabon masallaci, ka miƙe. A gabanka kuma akwai wani tauraro da ke sauka cikin giɓin duwatsun yamma bayan magariba. Inda ya zauna cikin giɓin, nan ne. Yana da igiya mai dutse a baki, da ƙulli a gaba bakwai. In ya sake ta, daidai ƙullin dutsen yakan taɓa falalen da ke bayan ɗakinsu, inda kakata take shanya kifi.

Ina aji biyar, ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, aka turo mana wani malami ɗan bautar ƙasa. Ran nan ya shigo da lemo da tocila, ya sa aka rufe tagogi, ya ce lemon nan duniya ce, tocila kuma rana. Ya ce taurari ba tafiya suke ba, mu ne muke juyawa, shi ya sa muke ganin duk sun gangara yamma tare. Ya nuna mana hoton mutum a kan wata, da farar riga da kai kamar tulu. Ni ce na fi kowa kama karatun, kuma ban ɓoye ba. Na dawo gida ina hura hanci.

"Amarya, mi aka koya muku yau?" Haka kakana yake kirana, da wasan jika da kaka.

"Mutane sun taka wata, tsoho. Kai kana nan kana fama da taru."

"To madalla. Sun samo kifi can?"

Na ce masa ba ruwa a wata. Ya ce ashe wahalar banza suka sha. Haushi ya kama ni, don ni baki gare ni tun ina ƙarama, kuma ba na son a yi mini dariya.

A shekarar nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye, har ranar da Inna ta ga ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Babana tela ne a Yelwa, bai san ruwa ba. Tsofaffin garinsu kuwa wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu Shanga. Da lokacin zuwa ya yi, sai ya ce da Inna: "Ba ni 'yar bokon nan. Tunda ta san sama, ta zama idona."

Hannunsa bai tsufa ba. Ya yi ta tuƙi, ni ina waige ina gaya masa ko kuka ta rufe rufin masallaci. Wannan kam na iya shi sarai. Rana ta faɗi, ya yi sallarsa a zaune cikin jirgi, sannan ya ce in juya yamma.

"Nemo Kaza da 'ya'yanta." Yana nufin ɗan cincirindon taurarin nan da kowane yaro ya sani. "Kusa da ita akwai wani ɗan ƙarami, ba ya da haske sosai." Ya faɗi sunansa da Gunganci, yaren da ban taɓa damuwa in koya ba. Ya kwatanta mini gefen da yake, da yatsu nawa ne tsakaninsu. "In ya zauna cikin giɓi, ki ce in tsaya."

Na duba, na sake dubawa. Sama da sauran ja, Kazar ma da ƙyar na hango ta. Sauro ya dame ni, yunwa nake ji, ga iska ta fara kaɗa jirgin ina tsoro. Ɗan tauraron nan dai ban gan shi ba. Amma ga Zara nan kusa, fes, tana haske kamar fitilar kwano. Na ce a raina, haba, wa zai bar wannan ya bi abin da ba a gani? Ai malam ya ce duk tare suke gangarawa, wanda ka kama daidai ne. Kuma in na ce ban gani ba, tsohon nan zai yi shekara yana tsokanata.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

Na bi Zara da ido har ta zauna cikin wani giɓi. Duwatsun nan kuwa giɓinsu ya fi biyar. Na ce ya tsaya.

Ya ajiye filafilin tuƙi, ya lalubo igiyarsa ya sake ta a hankali tsakanin yatsunsa. Ƙullin ya wuce. Igiya ta ƙare, dutse bai taɓa komai ba. Ya jawo ta, ya matsa kaɗan, ya sake saki. Haka dai.

"Amarya, kin gan shi da kyau?"

"Wallahi na gan shi."

Har da rantsuwa. Ya jawo igiyar ya ajiye. Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa, ya sunkuya ya yi wa ruwan magana da yarensu ƙasa-ƙasa. A hanyar dawowa ya ce: "Ƙila ruwa ne ya ƙaru bana." Ruwa kuwa ya ja baya har ana kiwo a inda muke wanki, shi ma ya sani. Bai ƙara tsokanata a ranar ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Da aka dawo daga hutu, malam ya zo da sauran darasin. Ya ce Zara ba tauraro ba ce, duniya ce irin tamu mai zagaya rana. Sauran taurari kowanne da wurin faɗuwarsa, ba ya canzawa, ita kuwa yawo take. Bana tana nan, baɗi tana wani wuri, wani lokaci ma sai da asuba ake ganinta. 'Yan aji suna rubutu, ni kuwa na gane inda na kai kakana ba wurin ba ne. Na ƙudurta in lokaci ya zagayo zan gaya wa kakana gaskiya, ya sake kwatanta mini. Me ya hana ni faɗa a ranar, muna cin tuwo gida ɗaya? Kunya ce da girman kai, ba wani abu ba.

Damina ta yi nisa idon ya rufe gaba ɗaya, zazzaɓi ya biyo baya. Yana kwance Inna ta tambaye shi wa zai riƙa zuwa wurin tsohuwa. Ina bakin ƙofa na ji ya ce: "Amarya ta sani. Na nuna mata." Har yau ban san ko yarda ya yi da ni ba, ko rufa mini asiri ya yi. Ya rasu bayan an yanke gero.

Da shekara ta zagayo, Inna ta roƙi wani masunci maƙwabcinmu ya kai mu. Ita da ba ta son ruwa, ta shiga jirgi da igiyar mahaifinta a cinya. Na daidaita kuka da masallaci, muka miƙe. Magariba ta yi, na duba yamma. Ga Kaza can, ga ƙananan taurari birjik kewaye da ita, ban san ko wanne ba ne. Zara ma babu ita.

"Nan ne?" in ji Inna.

Na fashe da kuka na gaya mata komai, a gaban mutumin. Na so ta mare ni. Ba ta ko dube ni ba. Ta naɗe igiyar a hannu, ta ce a hankali: "To ko gefen da uwata take, nuna mini."

Ban iya ba. Sai ta ɗaga hannu ta yi addu'a tana fuskantar yamma, ta juya kudu ta yi, ta juya gabas, ta juya arewa, jirgin yana tangaɗi, masuncin yana riƙe da shi da filafili har ta gama.