Fatar Inna a Hannun Majemi

Mahaifina majemi ne a Damri, kuma duk hukuncin da zai yanke wa fata da babban yatsansa yake yanke shi. Idan fatar akuya ta kwana biyu cikin ruwan toka, sai ya ɗago gefenta ya murza. In gashi da tantanin sama suka zame, ya ce ta saki, a kankare ta a kai kwatarniyar bagaruwa. In ba su zame ba, ya yi tsaki ya mai da ita. Ni ban gaji sana'ar ba. Na zama malamin kimiyya a wata sakandare a Talata Mafara, shi ya sa Baba ke kirana malamin alli.

Na yi shekaru ina zana wa ɗalibai fata a allo. Nakan ce musu ƙananan ƙwayoyi ne jere kamar tubalan gini, kowace ta kama maƙwabciyarta da wasu ƙugiyoyi na furotin. A cikin kowace kuma akwai zarurruka, su ma na furotin, ɗaure da ƙugiyoyin, su ke hana ta lotsewa. Su rubuta, a kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa tambayar kaina yadda mutum zai kasance in ƙugiyoyin suka kwance ba.

Da damina wani ciwo ya soma wa Inna, mahaifiyata, a cikin baki. Ta bar tuwo ta koma kunu ba ta gaya wa kowa ba, don ita ba ta iya ƙorafi ba. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso mata a baya da damtse, suna fashewa suna barin jan nama, zani yana manne musu. Ni ina can ina fama da jarrabawa, sai da na yi wata guda ban leƙa gida ba.

Ranar da na zo, warin bagaruwa ne ya tarye ni, daga ɗakin Inna yake fitowa. Na iske ta kwance rub da ciki, bayanta ya rine, Baba na tsugune da ƙwarya da tsumma.

Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce, "Baba, mi kas sa mata?"

Ya ce, "Bagaruwa ta. Tun ba a haihe ka ba nika jima, ban ga hwatad da tab buwaye ta ba."

"To Inna akuya ta?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Inna ta juyo da kai da ƙyar ta ce, "Kai, ubanka na. Abin da yas sani yay yi." Raina dai na tafasa, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Daga asibitin garinmu aka tura mu wurin likitar fata a Sakkwato. Ta gaida Inna da ladabi, ta nemi izini, sannan ta aza babban yatsanta a damtsen Inna, wurin da ba ƙurji ko ɗaya, ta murza a hankali. Fatar ta zame. Na ji Baba a bayana ya ce, "Ta saki," can ƙasa-ƙasa. Da na waiga ya zauna dirshan a kan siminti.

Likitar ta yi bayani, ni kuma na ƙara wa Baba da misalin tubalaina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To wa yaz zuba mata toka?" Ta ce ba kowa, garkuwar jikinta ce ta rikice take kwance ƙugiyoyin da kanta, kuma maganin da za a ba ta zai lafar da ita har fata ta sake ƙulla sababbi. Bagaruwa, in ji ta, matacciyar fata take ɗaurewa. Ta gargaɗe mu kada a goge Inna, kada hannu mai kaushi ya taɓa ta. Ba ta dubi kowa ba da ta faɗi haka, amma na ga Baba ya tura hannuwansa cikin riga.

Ya ɗauki maganar fiye da yadda aka faɗe ta. Ya bar wa ƙanensa kwatarniyoyi, ya koma shafa man shanu a tafin hannu safe da yamma, abokan sana'a suna yi masa tsiyar zai koma amarya. Duk da haka bai yarda ya taɓa ta ba. Ko kunu zai ba ta, sai ya ajiye kwanon a bakin tabarma ya ja da baya. Ƙwayoyin magani suka kumbura mata fuska, tana cewa sai da ta tsufa ta yi kumatu. Shi bai yi dariya ba ko sau ɗaya. A lokacin ne fushina ya koma tausayi, na kuma lura cewa a aji na daina saurin goge zanen nan daga allo.

Bayan kaka na zo gida da hantsi na iske Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Gyambunan sun bushe, sun bar baƙaƙen tabo. Baba na zaune nesa da ita kamar baƙo. Bayan mun gaisa, sai ta karkaɗe hannu ta miƙa masa damtse.

"Malam, gwada."

Ya ce, "A'a. Bari dai a koma ga likita."

"Gwada mana. Ita yatsa biyu gare ta?"

Ya daɗe yana duban tafinsa. Sannan ya matso, ya yi bisimilla, ya aza yatsan. Ya murza kaɗan, ya ɗaga ya duba. Ya sake murzawa.

Ya ce, "Ta ƙiya."

Inna ta ce, "To, sakam min in yi aikina."

Bai saki ba. Ni kuwa kunya ta kama ni, na tsinci takalmana na fita zaure.