Hattara da Madubin Mai Amsa Waya

A wurin aiki ba wanda ke tuna sunanta na gaskiya. Hattara ake ce mata, har shi manaja, don kalmar ba ta barin bakinta. Tun tana yarinya haka take, in ji yayarta: a aike ta ɗauko wuƙa, sai ta kawo ta a naɗe cikin tsumma. Da ta girma Allah ya haɗa ta da aikin da ya dace da ita, wato duba lafiyar wurin aiki. Shekara da shekaru tana zagaya ofisoshi, tana leƙa bayan firji, tana girgiza tsani. Da kamfanin ya ce rabin ma'aikata su riƙa aiki daga gida, sai ita ma ta bi su har ɗaka da jakarta da tef ɗin awo. In ta ce ɗaki ya yi, mutum ya ci gaba da zamansa. In ta ce bai yi ba, to sai komawa ofis, can ƙarshen gari.

Tana da wani hali guda. Ba ta yanke hukunci sai ta zauna a kujerar mai aikin. Cewa take a nan ake gane inda wuya ke ƙagewa da inda haske ke soke ido. Gaskiya ne, amma da saura. Da ta zauna sai ta lula. Hankalinta ya bi labule, ya bi ƙamshin girkin maƙwabta, ta ji kamar nan aka haife ta, har ta san wace ƙofa ce ke kuka in an tura. Nata gidan kuwa shiru ne tun da maigidan ya rasu, yara suka watse. Komai na wurinsa, ba waya ko ɗaya a ƙasa, ba kuma wanda zai yi tuntuɓe da ita.

Wata rana da hantsi ta hau benen wani mai amsa wayar kamfani, wanda ke wuni da abin ji a kunnuwa yana lallashin masu ƙorafi. Dogo ne siriri, wuyansa a ɗan karkace kamar mai leƙen tukunya. Tana shiga ta ja ta tsaya.

Kai, jama'a! Ga falo fes, ga taga mai iska, amma bawan Allah ya je ya cusa teburinsa a 'yar hanyar da ke tsakanin ɗakuna, wurin da ko mutum biyu ba sa giftawa. Wayoyin wuta sun ratsa bakin ƙofa. Soket ɗaya na ɗauke da kwamfuta da fanka da butar shayi. Ga wani dogon madubi jingine da bango, ba ƙusa ba komai, yana kwaso hasken taga yana watsa masa a ido.

"Ƙanena, kana neman ranka kuwa?" ta ce. "In wuta ta tashi ta ina za ka bi? Wannan wuyan naka fa, yaushe rabon da ya miƙe?"

"Anti, na saba."

"Da ciwo ake sabawa? Tebur zai koma falo, madubi zai bar nan. In ba haka ba, wallahi ba zan ce ya yi ba."

Sai ta ga fuskarsa ta canza. Ya leƙa ƙofar da ke bayansa, ya rage murya. Mahaifiyarsa ce a ciki, ɓarin jikinta ya shanye tun bara, ba ta da kowa sai shi. In ya sa abin kunne, ko ta kira ba zai ji ba. Ya taɓa kai teburin ɗakinta, ta kore shi tas, ta ce ita ba jaririya ba ce da za a zauna ana gadinta, ya je ya yi aikin mutane. Shi ne ya jingina madubin nan. In ya ɗan juya wuya yana hango gadonta, ita ba ta sani ba.

"Kullum barci take," ya ce. "Numfashinta kawai nake dubawa. In aka mayar da ni ofis, Anti, ban san yadda zan yi ba."

Tausayi ya kama Hattara, haushi ma ya kama ta, don tausayi ba ya kashe gobara. Ta ce ya tashi. Ta zauna a kujerarsa, ta sa abin kunnen, duniya ta yi tsit. Ta juya wuya yadda yake juyawa, nan take ta ji jijiya ta ɗaure.

A cikin madubin ɗakin ya yi nisa, ya yi laushi, kamar abin da ake gani a ƙasan ruwa. Farin labule na tashi yana sauka. Kofi a kan kujera, mayafi a ƙafar gado. Hattara ta lula. Ta ga kanta kwance a wannan gadon, ta tsufa, rana na tafiya a bango a hankali, kuma can a waje akwai wani mai juya wuya dominta. Daɗi ya rufe ta har ta manta da soket.

Sai ta ga idanu. Tsohuwar ba barci take ba. Idanunta biyu tar a kan madubin, ta haɗe gira, alamar ba wannan fuskar take nema ba. Suna haɗa ido ta rufe nata ruf, har da ɗan minshari.

Hattara ta cire abin kunnen, ta danne dariya.

"Kama teburin nan," ta ce.

"Anti, don Allah..."

"Kama, na ce!"

Suka kai shi falo gefen taga. Ta bi da wayoyin ta jikin bango, ta kori butar shayi zuwa kicin, ta tara littattafai ƙarƙashin kwamfutar har ta zo daidai idonsa. Yana taya ta, yana waiwayen ƙofar mahaifiyarsa. Sannan ta tambaye shi guduma da ƙusa. Ta ɗauki madubin ta kai ƙarshen hanyar, inda haske ba ya dukansa, ta tallafe shi a kusurwa.

"Zauna. Miƙe wuyanka, kar ka juya. Ɗaga ido kawai. Me kake gani?"

"Bango."

Ta karkata shi kaɗan.

"Labule. Ƙafar gado." Ya ƙura wa madubin ido. "Na gan ta, Anti. Tana barci. A nan, a nan ya yi."

Hattara ta sa ƙusa a baki, ta ɗaga guduma. Sai wata murya ta fito daga ɗakin, a shaƙe, harshe na ja, amma ba ta da alamar barci ko kaɗan.

"Ke 'yar nan, kar ki buga tukuna. Ƙara juyo shi. Kunnensa kawai nake gani."

Mai amsa waya ya ƙame a kujera. Wayar aiki ta fara ƙara, bai ko kalle ta ba. Hattara ta cire ƙusar daga bakinta, ta juya madubin a hankali, a hankali.

"Yauwa," in ji tsohuwar. "Ga shi nan. To kukan me yake kuma? Ki ce masa ya ɗauki wayar mutane."