Rakiyar Nasrin

Hyattsville, Amurka, ƙarfe 5:10 na asuba. Minti goma bayan mijin Nasrin ya fita aiki na ƙwanƙwasa ƙofarta. Maƙwabciyata ce, 'yar Bangladesh. Shekara uku muna musayar abinci, shekara uku ina jin kukanta ta bango, gari ya waye in ce ta yi haƙuri. Makon jiya ya karya mata yatsu biyu. Ta fito da jaka ɗaya, da fasfo, da tukunyar barkonon da take reno a taga, muka shiga motata.

Takoma Park, 5:35. Hazo ya sauko har bisa titi, fitilu suna iyo a cikinsa. Na sha mai na dala talatin, na sayo mana shayi. Nasrin na ba ni labarin kogin garinsu, yadda jiragen ruwa ke ɓullowa da asuba tun ba a ga matuƙansu ba, sai ta katse, ta ce mu koma, ba ta dafa masa abincin rana ba. Na kashe mota. Ni da surutu, ranar nan na kama bakina. Ta daɗe tana duban yatsunta kafin ta ce mu tafi.

Gaithersburg, 6:20, mil ashirin. A harabar wani kanti wata mata daga gidan da ke ɓoye irin su Nasrin take jiranmu. Na gyara mayafi zan bi su in ga ɗaki, don a wurinmu ba a yar da mutum a titi a ce an yi rakiya. Matar ta ce ko uwarta ce ni, ba a nuna gidan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Nasrin ta rungume ni.

"Apa, ki koma haka nan," ta ce. Apa a harshensu yaya ke nan. Motarsu ta shige hazo.

Gida, 8:15. A ƙofar bene na tarar da mijinta, ya baro aiki don ba ta ɗaga waya ba. Ya gaishe ni da ladabi, idonsa jawur. Ni kuwa ban iya ƙarya ba, fuskata ke tona ni.

"Sista, don Allah, ina take?"

"Wallahi ban san inda take ba."

Na hau sama na kulle ƙofa, na gode wa Allah, na gode wa matar da ta hana ni rakiya.